Daga Gado Zuwa Kabad: Ilmin Ajiya a Cikin Jirgin Ruwa Mai Filafilai

Tun daga shekarar 1986, a ƙarshen kowace shekara ƙananan jiragen ruwa masu yawa sukan taru a tashar Las Palmas da ke tsibiran Kanari, su ɗaga filafilansu, wato manyan ƙyallayen nan da iska ke turawa, su nausa Tekun Atlantika zuwa yankin Karibiyan. Tafiyar ta kai kimanin kilomita 5,000, kuma galibi takan ci mako biyu zuwa uku. A tsawon wannan lokaci babu kasuwa, babu rijiya. Duk abin da matafiyi zai ci ko zai sha, da maganinsa da kayan gyaransa, tilas su kasance tare da shi a cikin jirgin da sau da yawa tsawonsa bai wuce mita 12 ba.

Masu ƙera irin waɗannan jirage sukan sanya musu gadaje shida ko fiye. To, amma da yawa daga masu doguwar tafiya mutum biyu ne kacal, miji da mata ko abokai. Wannan ne ya sa ake cire katifar gado guda, a mai da gurbinsa kabad na ajiya. Mai karatu zai ɗauka aikin kafinta ne kurum. Sai dai kabad ɗin da aka yi ba bisa ilmi ba yana iya ruɓar da abinci, ya cinye katako, ya kuma raunata mutum a tsakiyar teku. Dalilin haka shi ne abin da wannan maƙala za ta yi bayani a kai.

Inda ruwan yake fitowa

Gadon da aka fi sadaukarwa shi ne wanda ke ɓangaren baya, kusa da inji. Dogon lungu ne mai ƙarancin iska, bangonsa guda kuwa jikin jirgin ne da kansa, wanda ruwan teku ke shafa daga waje. A nan matsala take farawa.

Iska tana ɗauke da tururin ruwa, kuma gwargwadon ɗuminta gwargwadon abin da za ta iya riƙewa. A ma'aunin zafi 25, iskar da ta cika akwati mai tsawo da faɗi da zurfin mita ɗaiɗai tana iya riƙe kimanin giram 23 na ruwa. A ma'auni 15 kuwa, giram 13 kawai take iyawa. Saboda haka idan iskar cikin jirgi mai ɗumi, wadda numfashin mutane da girki suka cika da laima, ta taɓa bango mai sanyi, sai ta sauke rarar ruwan a kansa. Irin raɓar nan ce da muke gani a jikin kwalbar da aka fito da ita daga firji.

Gishiri ma yana da nasa hannu. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri, kuma da zarar laimar iska ta kai kashi 75 cikin ɗari, gishiri yakan fara zuƙo ruwa daga iskar. Don haka rigar da ruwan teku ya jiƙa, ko ta bushe a rana, idan aka cusa ta cikin kabad sai ta sake yin danshi da kanta.

Baƙin da ba a gayyata ba

Inda danshi ya zauna, rai yana biye. Ƙwayoyin irin funfuna suna yawo cikin iska a ko'ina, ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin ƙara girma. Abu uku suke jira kafin su tsiro: danshi, da ɗumi, da abinci. Rufaffen kabad a gindin jirgi yana ba su duka ukun. Dangin da masana ke kira Aspergillus da Penicillium su ne kan fara bayyana, su yi baƙi-baƙi ko kore-kore a kan tufafi da takardu da fata. Warin nan na rufaffen ɗaki shaidarsu ce, domin ruwa ba ya tsami banza.

Haɗarin bai tsaya ga wari ba. Shaƙar ƙwayoyin funfuna yana tayar wa masu asma ciwonsu. Nau'in Aspergillus flavus kuwa yana haifar da guba mai suna aflatoksin a cikin gyaɗa da masara masu danshi, gubar da ke lalata hanta. An gano ta ne bayan da talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila a 1960, sakamakon cin abincin da aka haɗa da gurɓataccen garin gyaɗa. Dafuwa irin ta gida ba ta kawar da wannan guba.

Akwai kuma wani rukunin funfuna da katako ne abincinsa. Yakan miƙa siraran zare cikin itace, ya fitar da sinadaran da ke narkar da seluloz, wato abin da ke ba katako ƙarfinsa. Matuƙar ruwan da ke cikin katako bai kai kashi 20 cikin ɗari na nauyinsa ba, wannan funfuna ba ta iya komai. Idan ya haura haka ya daɗe, ruɓa na iya kamawa. Rundunar ruwan Birtaniya ta ɗanɗana kuɗarta: jirgin yaƙinta Queen Charlotte, wanda aka sauke a ruwa a 1810, cikin shekara biyu ya ruɓe har sai da aka sake yawancin katakonsa.

Ƙwari su ne baƙi na uku. Kyankyaso yakan ɓoye ƙwansa a cikin ramukan kwali, kuma jakar ƙwai guda ta ƙaramin kyankyason nan na kicin tana ɗauke da ƙwai 30 zuwa 40. Shi ya sa gogaggun matuƙa suke barin kwali a bakin tasha. Ƙwaron shinkafa kuwa a cikin ƙwayar hatsin yake yin ƙwai, don haka daga kanti ake shigo da shi. Maganinsa shi ne a rarraba hatsi cikin ƙananan robobi masu murfin da iska ba ta shiga, ta yadda idan ɗaya ta lalace sauran za su tsira.

Kabad mai numfashi

Manomin ƙasar Hausa ya daɗe da sanin wannan ilmi, domin a kan duwatsu yake ɗora rumbunsa don kada danshin ƙasa ya tarar da hatsi, iska kuma ta riƙa ratsawa ta ƙarƙashi. Ƙa'idar ɗaya ce a cikin jirgi. Da farko akan manna wa bangon jirgin soso irin wanda ba ya shan ruwa, domin iska mai ɗumi ta daina taɓa wuri mai sanyi. Sannan a jera siraran katakai a bar tazara tsakaninsu da bango, kada kaya su jingina da shi. Ƙofofin kabad akan yi su da saƙa ko da tsage-tsage, a buɗe kafa a sama da ƙasa don iska ta shiga ta nan ta fita ta can. A gindin kowane kabad kuma a bar ramin da ruwa zai bi ya gangara zuwa ƙasan jirgi, inda famfo zai zuƙe shi.

Katakon da aka fi amfani da shi shi ne filawud na jiragen ruwa, wanda aka manne fallayensa da gam da ruwa ba ya narkarwa. Sau da yawa daga itacen okume na ƙasar Gabon ake yin sa, saboda rashin nauyinsa. Sai dai okume ba shi da juriyar ruɓa, don haka wajibi ne a shafe shi da fenti ko ruwan ifoksi, musamman bakin da zarto ya yanka, domin ta nan ne katako ya fi shan ruwa. Sukurori kuwa su zama na tagulla ko na ƙarfen da ba ya tsatsa.

Nauyi da girgiza

Kabad na gida a tsaye yake har abada. Na jirgi kuwa dare da rana yana karkata. A watan Agusta na 1979 guguwa ta afka wa jirage 303 da suka shiga tseren Fastnet tsakanin Ingila da Ailan, 'yan tsere 15 suka rasa rayukansu. Jirage da dama igiyar ruwa ta kwantar da su, kuma a cikinsu batura da gwangwanaye suka riƙa tashi suna bugun mutane. Darasin da aka ɗauka shi ne kowace ƙofa ta sami sakata mai kamawa da gaske, kowane kanta ya sami katangar da za ta tare kaya.

Wurin da aka ɗora nauyi ma abin lura ne. Kaya masu nauyi, kamar jarkokin ruwa da gwangwanaye, wurinsu ƙasa ne kuma kusa da tsakiyar jirgi. Idan aka tara su a goshi ko a can baya, jirgin zai yi ta dungure a kan igiyar ruwa. Idan aka tara su gefe guda, zai karkace. Tufafi da barguna su ne na kantocin sama.

Abubuwa biyu ne ba a taɓawa. Bangayen katakon da ke raba ɗakunan jirgi da yawansu su ne ke riƙe da siffarsa, ba a yanka su sai da shawarar masani. Haka nan ba a toshe hanyar kaiwa ga makullan bututun da suka ratsa jikin jirgi, domin ranar da bututu ya fashe, hannu ne zai kai gare su cikin duhu da gaggawa. Masu hangen nesa sukan ɗaure sabon kabad da sukurori maimakon gam, domin a iya kwance shi a duba bayansa, ko a mayar da gadon idan buƙata ta taso.

Kammalawa

Wanda ya mai da gado kabad ya ƙirƙiri sabon muhalli ne, kuma halittu za su zo su gwada sa'arsu a cikinsa. Ba zai iya hana ƙwayoyin funfuna shigowa ba, ba shi da iko a kan ɗumin teku. Abu guda da ke hannunsa shi ne danshi. Idan ya bar wa iska hanya, ya buɗe ƙofofi duk ranar da rana ta fito, ya riƙa shafa bayan kantoci da hannunsa yana dubawa, to shinkafar da ya loda a Las Palmas za ta kai shi ɗaya gaɓar lafiya.