Prime Directive

Prime Directive, wadda kuma ake kira Umarni na Ɗaya na rundunar Starfleet, ƙagaggiyar doka ce a cikin Star Trek, jerin shirye-shiryen talabijin na almarar kimiyya da Gene Roddenberry ya ƙirƙira, wanda tashar NBC ta Amurka ta fara nunawa ranar 8 ga Satumba, 1966. Dokar ta haramta wa ma'aikatan jiragen sararin samaniya na Tarayyar Duniyoyi tsoma baki a al'amuran halittun wasu duniyoyi, musamman waɗanda ba su kai ga ƙera injin warp ba, wato injin da ke sa jirgi ya yi gudun da ya wuce na haske. Ba a yarda a bayyana musu kai ba, balle a ba su makami, magani ko fasaha. An fara ambaton dokar a kashin "The Return of the Archons" na 1967, kuma galibi ana danganta ta ga marubuci Gene L. Coon.

Asali

An tsara shirin ne ana tsakiyar Yaƙin Cacar Baka, sojojin Amurka na Vietnam, ƙasashe da dama na Afirka da Asiya kuma ba su daɗe da fita daga mulkin mallaka ba. Shi ya sa masu nazari da yawa ke kallon dokar a matsayin takunkumi ga mai ƙarfi. A kashin "A Private Little War" na 1968, 'yan Klingon sun ba mutanen ƙauye na wata duniya bindigogin toka, sai Kyaftin Kirk ya yanke shawarar ba abokan gabarsu mazauna tsauni irin bindigogin don ƙarfi ya zo ɗaya, duk da adawar Likita McCoy. A "Patterns of Force", shi ma na 1968, masanin tarihi John Gill ya kafa tsarin Nazi a duniyar Ekos da nufin haɗa kan mutanenta, abin ya ƙare da shirin kisan ƙare dangi. A nan kyakkyawar niyya ce ta haifi ɓarna.

Idan rashin taimako ya zama kisa

Matsalar ta fi tsanani a The Next Generation, wanda aka nuna daga 1987 zuwa 1994, domin a nan dokar ta faɗaɗa har ta hana ceto daga bala'in da ba wanda ya jawo shi. A "Pen Pals" na 1989, mutum-mutumin nan Data ya ƙulla zumunci ta rediyo da wata yarinya, Sarjenka, wadda girgizar ƙasa da aman wuta ke neman hallaka duniyarsu. Hafsoshin jirgin sun yi doguwar muhawara, Kyaftin Picard ya karkata ga a ƙyale su, bai sauya ra'ayi ba sai da ya ji muryar yarinyar tana neman agaji. An ceci duniyar, sannan aka goge wa yarinyar tunanin duk abin da ta gani.

A "Homeward" na 1994 kuwa Picard bai sassauta ba. Iskar duniyar Boraal II ta gushe suna kallo, mutanenta suka mutu, in ban da ƙauye ɗaya da Nikolai Rozhenko, ɗan'uwan riƙon Worf, ya ɗauke a ɓoye ya saka cikin jirgin. Labarin bai bar kowane ɓangare da gaskiya shi kaɗai ba: an kai mutanen ƙauyen sabuwar duniya lafiya, amma Vorin, mai adana tarihinsu, da ya gano inda suke ya kasa ɗaukar abin, ya kashe kansa.

Kashin da ya fi jawo ce-ce-ku-ce shi ne "Dear Doctor" na shirin Enterprise a 2002, wanda labarinsa ya faru kafin a kafa dokar. Al'ummar Valakian da kansu suka zo neman maganin cutar da ke ƙarar da su. Likita Phlox ya gano maganin, amma ya shawo kan Kyaftin Archer ya hana su, bisa hujjar cewa wata al'umma da suke zaune tare, Menk, ita ce ke kan hanyar gadar duniyar. Sai aka ba su abin rage raɗaɗi kawai. Hujjar tana da rauni, domin a ilimin halittu sauyin jinsi ba shi da wata manufa da yake nufa, kuma wanda magani ke hannunsa ya hana, ya riga ya zaɓi ɓangare.

Suka

Masu suka na cewa auna wayewar al'umma da inji guda, ba da harshenta ko shari'arta ko adabinta ba, shi kansa girman kai ne irin wanda dokar ta zo hanawa. Akwai kuma batun cewa waɗanda ake yanke wa hukuncin ba a taɓa jin ta bakinsu.

Shirin Voyager ya juya lamarin a kashin "Prime Factors" na 1995. Jirgin ya maƙale a nisan da zai ɗauke shi kimanin shekara 70 kafin ya koma gida, mutanen Sikaris kuma suna da na'urar da za ta rage fiye da rabin tafiyar, amma dokarsu ta hana ba baƙi fasaha. Kyaftin Janeway ta haƙura. Tuvok, hafsan tsaronta, ya bi ta bayan fage ya musanya tarin adabin jirgin da na'urar, da aka haɗa ta da injin kuma ba ta yi aiki ba.