Gyaran hoto gishirin miya ne

Duk macen da ta iya girki ta san miya tun daga cefane take yin daɗi. In tumatir ya ruɓe, naman kuma ya kwana, ko maggi nawa aka marmasa a tukunya mai ci zai gane. Abin da nake so matasanmu na Gombe masu koyon hoto su riƙe ke nan, domin da yawansu sun ƙware a gyara tun ba su iya ɗauka ba.

Cefanen mai hoto haske ne. Bi titunan GRA ranar Sallah ko ranar biki, za ka tarar an jera mutane a bakin get da tsakar rana ana ta ɗauka. A lokacin rana tana bisa kai, inuwa ta cika kwarmin ido, goshi na ƙyalli, farar shadda ta ƙone fat har aikin wuyan riga ya ɓace. Wurin da ya ƙone haka, kyamara ba ta ajiye komai a cikinsa ba, don haka babu abin da za a dawo da shi. Alhali unguwar na da abin da ake nema kyauta: inuwar itatuwa, da dogayen katangu masu farin fenti da ke mayar da haske a fuska a hankali. Matsa da mutum inuwa, ya fuskanci katangar, ko ka jira la'asar sakaliya. Hazon hunturu ma, da kowa ke kuka da shi, yana tausasa rana.

Sai batun yadda ake ajiye hoton. JPEG dafaffiyar miya ce, waya ta riga ta zuba nata gishirin ta zubar da ragowar kayan. Matakan haske 256 kawai yake riƙewa a kowane launi. RAW kuwa ɗanyen cefane ne, yana riƙe 4,096, a wasu kyamarori har 16,384, shi ya sa ake iya tono fuska daga cikin duhu ba tare da hoton ya dagule ba. Yana cin wuri a waya, amma hoton da ka damu da shi ya cancanci hakan.

A manhajar Snapseed, wadda kyauta ce, ko Lightroom, fara da miƙar da hoton da ya karkace, ka yanke abin da ya shigo ba gayyata, sannan haske, launi a ƙarshe. Kuma ka riƙa ɗanɗanawa: koma ka kalli na asali bayan kowane mataki, don ido yana sabawa da yawan launi kamar yadda harshe ke sabawa da gishiri. In za ka tura ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, kada ya matse maka aiki.

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne fata. Shekaru da dama kamfanin Kodak na Amurka yana auna launin hotunansa da hoton Baturiya, baƙar fata kuwa ta fito yadda ta fito. Daga baya Tecno ya samu kasuwa a Afirka da kyamarar da aka saita don fatarmu, Google ma ya bi sahu a wayarsa ta Pixel 6 a 2021. Yanzu da na'urar ta fara ganinmu yadda muke, mu ne kuma muke kankare kanmu da hannunmu. Amarya wankan tarwaɗa a mayar da ita fara sol, a goge tsagar gado da ke kumatunta, fuska ta yi sumul kamar roba, hannu mai lalle kuma yana nan da launinsa yana tona asiri. Goge ƙurjin da ya fito jiya ba laifi, gobe ma zai tafi da kansa. Amma launin da aka haife ta da shi, da shi 'ya'yanta za su neme ta a hoton nan da shekara 30.