Dokar "a manta da ciwo": yadda Faransa ta sauƙaƙa wa matasan da suka warke daga sankarar jini

Hausawa na cewa lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Amma akwai ciwon da ko bayan an warke daga shi, tsugune ba ta ƙare ba. Sankarar jini na cikin irin waɗannan. Cuta ce da ke farawa a ɓargo, inda jiki ke ƙera jini, ko kuwa a kaluluwa. Wani irinta da ake kira Hodgkin ya fi kama matasa ƴan shekara 15 zuwa 35. A ƙasashen da magani ya wadata, fiye da 8 cikin 10 na masu wannan irin suna warkewa.

To, ina wahalar take? Tana cikin lokacin da ciwon ke zuwa. Dattijon da ya kwanta ya riga ya yi gida, ya yi ajiya. Saurayi kuwa ciwon kan riske shi yana tsakiyar karatu, ko yana koyon sana'a, ko bai daɗe da kama aiki ba. Magani yakan ci watanni, wani har shekara biyu ko fiye. Ran da likita ya sallame shi, tsaransa sun yi nisa, shi kuwa ba takardar shaida, ba jari.

A Faransa kuɗin maganin kansa ba shi ne babban nauyi ba. Asusun lafiya na ƙasa ya sa sankara cikin cututtuka masu dogon jinya, waɗanda yake ɗaukar kuɗin maganinsu ɗari bisa ɗari bisa farashin hukuma. Ma'aikaci kuma yana iya komawa aiki rabin yini da izinin likita, asusun ya cika masa giɓin albashi. Inda gizo ke saƙa shi ne ƙofar banki.

A can, mai son bashin sayen gida ko na kafa sana'a, banki kan nemi ya yanki inshora, wato ya riƙa biyan wani kamfani ƴan kuɗi kowane wata, domin in ya mutu ko ya naƙasa kamfanin ya biya sauran bashin. Kafin kamfani ya yarda, sai mutum ya cika takardar tambayoyi game da lafiyarsa. Da zarar ya rubuta cewa ya taɓa yin sankara, sai a ƙi shi, ko a ɗora masa kuɗi mai tsanani. In ya ɓoye kuma aka gano, yarjejeniyar ta rushe. Ta haka a da wanda ya yi jinya yana ɗan shekara 20 kan kai 35 lafiya lau, amma banki na kallonsa majinyaci.

Ƙungiyoyin majinyata sun daɗe suna kuka da wannan. A 2006 gwamnati da bankuna da kamfanonin inshora da ƙungiyoyin suka sa hannu kan yarjejeniyar AERAS, domin a riƙa sake duba takardun masu larurar lafiya maimakon a yi watsi da su. Ba ta wadatar ba. A 2014 shugaba François Hollande ya ƙaddamar da shiri na uku na yaƙi da sankara, wanda ya ƙunshi abin da aka kira "haƙƙin a manta". Dokar 26 ga Janairu 2016 ta tabbatar da shi: wanda ya shekara 10 da gama magani, ciwon bai dawo ba, ba dole ya faɗa wa kamfanin inshora ba. Wanda ciwon ya kama kafin ya cika shekara 18 kuwa, shekara 5 kawai zai jira. A 2020 aka ɗaga wannan iyaka zuwa shekara 21.

Duk da haka an bar baya da ƙura. Wanda ya kwanta yana ɗan shekara 25 sai ya jira shekara 10, wato daidai lokacin da mutum ke aure, yake neman muhalli. Dokar 28 ga Fabrairu 2022, wadda ke ɗauke da sunan ƴar majalisa Patricia Lemoine, ta gyara wannan. Ta mayar da jiran shekara 5 ga kowa. Ta kuma soke takardar tambayoyin lafiya ga bashin gida da bai wuce yuro 200.000 kan mutum ɗaya ba, wato kimanin sefa miliyan 131, muddin za a gama biya kafin mutum ya cika shekara 60. Wannan sashe matasa ya fi amfana, tun da su ke da tsawon shekarun biya a gabansu.

Dokar ba ta share hawayen kowa ba. Ana fara lissafin shekarun ne daga ranar da magani ya ƙare, alhali akwai sankarar jinin da ake danne ta da ƙwaya kullum, shekara da shekaru. Masu irinta sun dogara ne ga wani jadawali na AERAS da ke ƙayyade ƙarin kuɗin da za a iya ɗora musu. Dokar kuma ba ta mayar wa kowa karatun da ya katse ko aikin da ya kuɓuce ba.

Wasu ƙasashen Turai sun bi sahu: Beljiyam a 2019, Luksamburg a 2020, Holan a 2021, Sifen da Italiya a 2023.

Abin lura ga ma'aikatan lafiya da masu tsara dokoki shi ne, aikin jinya ba ya ƙarewa a bakin ƙofar asibiti. An kashe dukiya mai yawa kafin a ceto ran saurayi. In aka bar shi ba aiki, ba bashi, ba muhalli, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Wanda Allah ya tashi kafaɗarsa ya cancanci a auna shi da ƙarfinsa na yau, ya koma cikin jama'a ya nemi na kansa kamar kowa.