Yadda za ka mayar da wayarka makarantar kiwo



Tambayar da ta fi yawa a saƙonnin da ake turo mini ita ce: "Ina so in fara kiwon kaji ko kifi, amma ba ni da wanda zai koya mini." Na karanci noma da kasuwancinsa a jami'a, amma maganar gaskiya takardar digiri ba ta gaya wa mutum farashin ɗan tsako na wannan makon, ko dalilin da ya sa tarwadarsa ta ƙi cin abinci yau da safe. Irin wannan ilimi a hannun mutane yake. Malaman gona kuma sun yi mana ƙaranci, za ka tarar mutum ɗaya ne ke kula da dubban manoma. To mafita ita ce ka haɗa naka malaman da kanka, da wannan wayar da ke hannunka.

Shiga guruf ashirin a WhatsApp ba shi ne neman ilimi ba. Abin da nake nufi shi ne ka zaɓi mutane kaɗan, kowa da abin da ya iya, waɗanda idan ka tambaye su za su amsa, kuma ka san dalilin da ya sa ka yarda da maganarsu.

Su wa ya kamata ka nema?

Na farko, likitan dabbobi na gaske, wanda ke kusa da kai yadda zai iya zuwa ya ga kajin da idonsa. Ba duk mai sayar da magani ne likita ba.

Na biyu, mai kiwon da ya girme ka a harkar da shekara uku zuwa biyar, kuma a yankinku yake. Wannan sharaɗi na yanki yana da muhimmanci. Shawarar da ta yi wa mai kiwo aiki a Ibadan ko Jos ba lallai ta yi maka aiki a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ba, lokacin da zafi kan wuce digiri 40, buroila na haki suna mutuwa.

Na uku, sa'anka, wanda kuka fara tare. Shi ne za ku riƙa gwada lissafi: nawa ka kashe, nawa suka mutu, nauyinsu nawa a mako na huɗu.

Na huɗu, ɗan kasuwa: dillalin ƙwai, mai gasa kifi, mai yankan kaji, da wanda ke shiga kasuwar hatsi irin ta Dawanau ya san motsin masara da waken soya. Da yawa sun iya kiwo, a wajen sayarwa ake kayar da su.

Na biyar, cibiyoyin bincike. Akwai NVRI da ke Vom a jihar Filato, mai haɗa rigakafin dabbobi da kaji. Akwai NAPRI da ke Shika, wadda ta samar da kazar ƙwai ta ShikaBrown, da NAERLS mai aikin wayar da kan manoma, dukansu a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Masu kifi kuma suna da NIFFR a New Bussa, jihar Neja. Ka nemi abin da suke wallafawa, shi ne ma'aunin da za ka riƙa auna maganganun guruf da shi. Ka kuma binciki reshen ƙungiyar masu kiwon kaji ta PAN a jiharku.

Kowane dandali da aikinsa. Facebook wurin gano mutane ne, ka bi shafin mutum na wata ɗaya ko biyu kana karantawa kafin ka yi masa magana. WhatsApp na tambayar gaggawa ne da labarin farashi. YouTube kuma na abin da sai ido ya gani, kamar yadda ake shirya ɗakin 'yan tsaki ko tace kifi. TikTok na da amfani, amma bidiyon minti ɗaya riba kawai yake nunawa, ba ya nuna buhunan abincin da aka ci kafin a kai wurin.

Yanzu batun da ya fi ba ni ciwon kai: yadda muke tambaya. Mutum zai rubuto, "Kajina suna mutuwa, wane magani zan ba su?" Wallahi ko farfesa ne ba zai iya amsa wannan ba. Sai ka ga mutum goma sun kawo magani goma, mai kaji ya sayo duka ya zuba a ruwa. Idan kana son amsa mai amfani, ka faɗi irin kajin, kwanansu nawa, su nawa ne, nawa suka mutu kuma a cikin kwana nawa, wane rigakafi aka yi musu da ranar da aka yi, wane abinci suke ci, da kalar kashinsu. Ka haɗa da hoto da ɗan bidiyo. Kashi mai jini daban, kore daban, fari daban, kuma kazar da ke murɗa wuya tana nuna wani abu dabam. Mai kifi kuma ya faɗi girman tankinsa, yawan kifin, yaushe ya canza ruwa, daga rijiya ne ko bohol, da ko kifin na rataye a saman ruwa. Wanda ya sani, da ya ga tambaya irin wannan ya san da mai hankali yake magana.

Sai tace abin da ka ji. Ni ƙa'idata ita ce, ba na aiki da shawara sai na ji ta daga bakin mutum biyu da ba su san juna ba, kuma ba sayar mini da komai za su yi ba. Sannan na yi lissafi. Misali, kaza mai ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana. Kaji 100 ke nan za su ci kilo 11 zuwa 12, wato buhu mai kilo 25 kwana biyu zai yi maka, kusan buhu 14 a wata. Kuma ba za su fara ƙwai ba sai wajen mako 18 zuwa 20. Duk wanda ya nuna maka riba bai saka kuɗin abincin waɗannan watanni ba, ka san da sauran magana. Haka kifi. Kafin tarwada ta yi kilo ɗaya sai ta ci abinci kusan kilo ɗaya ko fiye. Wanda ya ce buhu biyar masu kilo 15 sun ishi kifi 1,000 su kai kilo ɗaiɗai, kilo 75 fa yake nufi. Ka ga ko alƙalami ba ka buƙata.

Ku yi hattara da 'yan damfara. Alamarsu ɗaya ce: farashi ƙasa da na kowa, gaggawa, da "turo kuɗi yanzu kafin su ƙare". Kada ka tura kuɗin 'yan tsaki ko ƙananan kifi sai wani da ka sani ya taɓa karɓar kaya daga hannun mutumin. A karon farko ka sayi kaɗan.

Akwai kuma abin da waya ba za ta yi maka ba. Idan kaji suka fara zubewa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, kada ka tsaya jiran amsar guruf, kuma kada ka kwashe su zuwa kasuwa. Murar tsuntsaye ta fara ɓulla a Najeriya a 2006 a jihar Kaduna, kuma har yanzu tana dawowa. Ka kira likita, ka sanar da ofishin kula da dabbobi na jiharku. Cutar Newcastle ma, wadda ta fi ɓarna da hunturu, rigakafi ne maganinta tun kafin ta shigo.

Abu na ƙarshe, kai ma ka bayar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ko kaji 30 gare ka, kana da abin faɗa: farashin abinci a garinku yau, yawan waɗanda suka rayu, sakamakon shawarar da aka ba ka. Idan wani ya taimake ka, ka koma ka gaya masa yadda ta kaya. Wanda ke dawowa da bayani shi ake ɗaukar wayarsa da daddare. Idan zumunci ya yi ƙarfi, ka nemi izini ka ziyarci gonarsa, ka tsoma takalminka a ruwan magani a bakin ƙofa, kada kuma ka wuce kai tsaye cikin naka kajin da kayan da ka je da su.

Ga aikin wannan makon: ka ɗauki littafi ka rubuta waɗannan gurabe biyar, ka ga wanne ne babu suna a gabansa. Ka fita daga duk guruf ɗin da ba ka ƙaru da komai ba a wata guda, datarka ma ta huta. Ka fara cike guraben tun kafin ka sayi ɗan tsako ko ɗaya.

Allah Ya sa albarka a kiwonmu, Ya tsare mu da asara.