Daga Ganuwa zuwa Bakin Daji: Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani Game da Ƙaurar Manoman Kano

In aka ce Bakane, abin da ke fara zuwa wa mutane a rai shi ne fatauci: Kurmi, Kantin Kwari, goro da fatu. Alhali yawancin talakawan Sarkin Kano manoma ne tun fil azal, kuma manoman ba masu zama wuri guda ba ne. Da wuya ka bi salsalar wani gida ba ka tarar da kakan da ya saɓa gatari da fartanya ya nufi inda daji bai ƙare ba.

Gona a cikin ganuwa

Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa a ƙarni na 15, ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar da fili mai yawa a cikin birni ba kowa a kai sai shuka. Da gangan aka bar shi haka. In mayaƙa suka yi wa gari ƙawanya, akwai inda za a samu hatsi, akwai kuma inda mutanen karkara za su shigo da dabbobinsu.

A bayan ganuwa kuwa, ƙasa ce da ba ta san hutu ba. Kowace damina sai an noma ta, kuma abin da ya hana ta mutuwa shi ne jaki. Ya shigo birni da itace da dawa, ya fita da mangala cike da toka da shara da kashin dabbobi. Masanin nan Michael Mortimore ya yi shekaru yana nazarin wannan yanki tun shekarun 1960, yana nuna yadda ƙasa guda ke ciyar da jama'a mai yawa ba ta gaji ba. Sai dai taki yana ƙara yabanya ne, ba ya ƙara faɗin gona.

Abin da ke tayar da iyali

Nan ne gizo ke saƙar. Gidan manomi a kan gandu yake tsaye: uba da 'ya'yansa maza, har masu aure, suna aiki a gona guda, ana ci daga rumbu guda, uban ya biya haraji ya yi wa kowa aure. Kowane ɗa yana da 'yar gayaunarsa da yake taɓawa da yamma. Ranar da maigida ya rasu aka raba gado, gonar da ta riƙe gida guda sai ta zama guntaye. A yi haka sau biyu ko uku, rabon wani ba zai ba shi damin da zai kai shi bazara ba.

Ba a cika tashi gaba ɗaya ba. Ɗaya daga cikin 'yan'uwa kan fara zuwa cin rani, ya ga wuri, ya sami maigida a can. Shi zai kai shi gaban dagaci, a yi gaisuwa, a nuna masa daji. Ya yi sassabe, ya kafa bukka, ya ga damina ɗaya. In ƙasa ta karɓe shi, sannan ya dawo ya ɗauki iyali, ya bar rabonsa na gida aro ko jingina a hannun ɗan'uwa. Shi ya sa ban yarda da masu kiran wannan gudun talauci ba. Fakiri ba ya iya irin wannan ƙaura, domin sai mai hatsin da zai ci kafin sabuwar gona ta nuna. Binciken masaniya Polly Hill a Dorayi, farkon shekarun 1970, ya nuna ƙarshen waɗanda suka zauna: magidanta da dama gonarsu ba ta taka kara ta karya ba.

Bakin iyaka kafin zuwan Turawa

Daji a wancan zamani ba na banza ba ne, da ransa mutum ke sayensa. Sarakunan Kano sun kafa ribaɗi, garuruwa masu ganuwa, don manoma su zauna su tsare iyaka, kamar Fanisau a zamanin Sarki Ibrahim Dabo. Ta kudu maso gabas kuwa Ningawa ne ke kawo hari, kuma Sarki Abdullahi Maje Karofi ya sha gwabzawa da su. Wani abin mamaki, tushen sarautar Ningi daga Kano yake: Malam Hamza da jama'arsa sun bar Tsakuwa wajen 1846 saboda rigimar kuɗin ƙasa, suka shige duwatsu.

Gida guda da labarinsa ya tsira

A 1949 zuwa 1950 wata dattijuwa ta zauna a Giwa ta ƙasar Zazzau ta ba wata mai suna Mary Smith labarin rayuwarta, aka buga shi a 1954 da sunan Baba of Karo. Kakanninta Barebari ne, daga Borno suka taso, suka zauna a Karo kusa da Zarewa, can inda ƙasar Kano ke haɗuwa da Katsina da Zazzau. Suna da rinji, bayi ne ke yin yawancin noman. Ta ba da labarin mahara da ke kama mutane, da yadda dangi ke haɗa kuɗin fansa. Da Turawa suka hana bauta, bayi da yawa suka kama gabansu, 'ya'yan gida suka koma riƙe fartanya da kansu. Wanda ke kewar zamanin da, ya tuna da gumin wa aka sare dajin.

Bayan 1903

Da hari ya lafa bayan zuwan Turawa, mutane suka fita daga garuruwa masu ganuwa suka bazu a gonaki. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi kuɗi, neman sabuwar ƙasa ya ƙaru. Yunwar 1913 zuwa 1914 ta tura wasu kudu, haka ma farin 1973. Wasu gabas suka yi: bayan yaƙin Burmi da Turawa, mabiya Sarkin Musulmi Attahiru sun kafa garin Mai Wurno a Sudan, kuma Hausawa masu niyyar Makka sun yi shekaru suna aikin auduga a Jazira, wasu ba su dawo ba. Sannan ga ƙaurar dole: madatsar Tiga da aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako ta shayar da gonakin Kadawa, amma ta tashi ƙauyukan da ruwa ya malale.

Ina ya rage?

Gonakin cikin ganuwa sun zama unguwanni tun tuni. Dorayi da Sharaɗa birni ya haɗiye su, fuloti ya fi damin dawa tsada nesa ba kusa ba. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, kuma in an karɓe gona, diyyar ta amfanin da ke kanta ce. Dajin Falgore na gwamnati ne, ba a sassabe. Ta yamma, a sassan Zamfara da Katsina da Birnin Gwari, 'yan bindiga ke sa wa manoma haraji kafin su girbe abin da suka shuka, har mutanen can ne yanzu ke kwararowa Kano. Mai neman ƙasa a yau yakan nufi Taraba ko Nasarawa ko Neja, ya kama hayar gona ta damina guda, ya bar iyali a gida, ya dawo da buhuna bayan kaka.