Zaunar da Idon Kyamara Mai Faɗin Gani ba tare da Gurɓata Hoto ba

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin dalilan da suka sa idon kyamara mai faɗin gani ya fi sauran idanu saurin ɓata hoto idan ba a zaunar da shi daidai ba, da kuma hanyoyin da masu sana'a ke bi domin riƙe shi gam ba tare da an matse gilashinsa ba.

1.0 Gabatarwa

Ido mai faɗin gani shi ne wanda tazarar da yake tattara haske a kanta gajeriya ce, wato daga milimita 35 zuwa ƙasa a kyamarar da farantinta na ɗaukar haske ya kai milimita 36 a kan 24. Da shi ake ɗaukar cikin masallatai da manyan gine-gine da dandazon jama'a. Karkacewar da ake gani a hotunansa ba iri ɗaya ba ce. Akwai kumburin miƙaƙƙun layuka kamar cikin ganga, wanda ya samo asali daga ƙirar idon. Akwai kuma jinginar gini da baya idan an ɗaga bakin kyamara sama. Waɗannan biyun manhajar kwamfuta tana gyara su. Ta ukun, wadda rashin zama daidai ke haifarwa, ita ce babu manhajar da za ta dawo da abin da ta ɓatar.

2.0 Tazarar Mazauni

Kowane kamfani ya ƙayyade tazara tsakanin zoben da ido ke zama a kansa da farantin ɗaukar haske. A mazaunin Nikon F, wanda ya fito a 1959, milimita 46.5 ce, a Canon EF na 1987, milimita 44, a Sony E kuwa 18. Saboda haka adaftar da za ta ɗora idon EF a jikin Sony dole kaurinta ya zama milimita 26 cif.

Lissafi ya nuna inda haɗarin yake. Idan ido ya turo gaba fiye da ƙa'ida, iyakar nisan da zai iya gani tar ana samun ta ne ta hanyar ninka tazarar tattara haskensa da kanta, sannan a raba da yawan kuskuren. A ɗauki kuskuren milimita 0.1, kwatankwacin kaurin takardar rubutu guda. Ido mai milimita 100 zai tsaya a kan mita 100, abin da mutane da yawa ba za su lura da shi ba. Ido mai milimita 14 kuwa zai tsaya a kan mita biyu kacal. Idan kuskuren ya kasance a gefe ɗaya na zoben, sai hoto ya fito fes a dama, hagu kuma dishi-dishi. Ƙwayar rairayi guda da ta maƙale a kan zobe ta isa ta jawo haka, lamarin da ya kamata mai aiki a Anjamena ko Khartum lokacin ƙura ya riƙe a zuciya.

Masu ƙera adafta mai araha sukan rage kaurinta kaɗan da gangan, domin kowane ido ya iya kaiwa ga abu mai nisa. Dabarar tana da illa. Tun 1967, lokacin da Nikon ya fitar da idonsa mai milimita 24 wanda wasu gilasan cikinsa ke motsi daban da sauran, yawancin idanu masu faɗin gani sun bi wannan tsari. Da zarar tazara ta gaza, mai ɗaukar hoto zai murɗa ido zuwa wurin da aka tanada domin abu na kusa alhali yana kallon na nesa, sai tsakiya ta yi kyau, kusurwoyi su lalace.

Masu fim sun fi kowa tsanani a nan. Mazaunin PL na kamfanin ARRI, mai tazarar milimita 52, yana da zoben da ake murɗawa ya danne ido, ba ya dogara da ƴan sifirin kamar na kyamarar hoto. Ana kuma saka siraran faifai a ƙarƙashin zoben idon, ana ƙarawa ana ragewa har tazara ta daidaita. Ido mai nauyi ana tallafa masa da sanduna masu kaurin milimita 15 ko 19, don kada ya rinjayi mazauninsa.

3.0 Illar Matsi

Ɗaurewa fiye da kima ita ma matsala ce. Tun daga ƙirar da Bafaranshe Pierre Angénieux ya fitar a 1950, idanu masu faɗin gani da dama suna ɗauke da babban gilashi a gaba, kuma irin wannan gilashi yana lanƙwasa idan zoben da ke riƙe da shi ya matse shi, ko da ido bai ga lanƙwasar ba. Zafi da sanyi suna ƙara dagula lamarin, domin alminiyam yana buɗewa da tsukewa kusan ninki uku na gilashi. A gilashi mai faɗin milimita 80, sauyin maki 30 na ma'aunin Salshiyas yana kawo bambancin kimanin milimita 0.04. Zoben da aka ɗaure tam a cikin zafi zai shaƙe gilashin idan an shiga sanyi. Wannan ne ya sa maƙera ke barin ƴar sarara, ko su zaunar da gilashin a kan danko mai laushi.

A wajen gyara, ana ɗaure kusoshin mazauni kaɗan-kaɗan, ana tsallakawa daga kusa zuwa wadda ke fuskantarta, ba a bi su a jere ba. Matacin haske da ake murɗawa a gaban ido kuma ya zama mai siririn baki, don mai kauri yana duhunta kusurwoyi.

4.0 Gwaji

Gwajin ba ya buƙatar ɗakin bincike. Ana buɗe ƙofar hasken ido gaba ɗaya, a daidaita gani a kan wani abu mai nisa, kamar hasumiya, yana tsakiyar hoto. Daga nan sai a ɗauke shi sau huɗu, kowane karo a kusurwa daban, ba tare da an sake taɓa ido ba. Idan kusurwa ɗaya ko gefe ɗaya ya fi sauran dusashewa, a cire adafta a maimaita da wani ido a kan kyamarar, domin a gane ko laifin na adafta ne, ko na idon, ko na zoben kyamarar.