Jirgin Maleziya Da Namu Na Tenere

A nan Arlit, tun da fim ɗin Netflix na 2023 kan jirgin Maleziya MH370 ya shigo wayoyi, masu saurarenmu suka hana mu sakat. Jirgi ɗauke da mutum 239 ya ɓace a 2014, kowace fada da nata hasashen.

Da muka tambayi samari labarin DC-10 na kamfanin UTA kuwa, sai shiru. Alhali cikin Tenerenmu ya tarwatse, ranar 19 ga Satumba 1989, mutum 170 suka rasu. Washegari aka gano tarkacensa. Bam ne, kotun Faransa ta yanke wa 'yan Libiya shida hukunci a 1999, a bayan idonsu.

A 2007 iyalan mamatan suka jera baƙaƙen duwatsu da fasassun madubai 170 kusa da wurin. Har ta tauraron ɗan'adam ana hango su.